Hular Jar Fata a Motar Baba

Gwaggo Barira ta ƙi karɓar gaisuwar rasuwar Baba. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a Takieta, idanunta sun tafi yau shekara takwas. Ranar da ya rasu ba a samu kawo ta ba, kafin labari ya isa an riga an kai shi makwanci. Da na shiga motar haya na je mata bayan sadakar bakwai, ta ce ta ji, ta yi inna lillahi, ba ta kuwa musu da hukuncin Allah, amma zuciyarta ce ta ƙi bin kunnenta. Shekara talatin ke nan, kowace Lahadi sai ta ji motar ƙanenta, fijo, ta tsaya a ƙofar gida, oda biyu, ƙofar mota ta buɗe, sannan takunsa.

"Ki kawo mini motar Illa, Wasila," in ji ta. "In na ji ta tsaya, wani ya fito ba shi ba, sai in yi kukana."

Tun daga ranar ta rage cin abinci. Maryama, 'yarta da ke jinyarta, kullum sai ta kira ni ta ce yau fura ludayi biyu kawai ta sha, kuma da hantsi sai ta sa a fitar mata da tabarma zaure ta zauna tana saurare.

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko, Baba da kansa ya koya mini tuƙi a filin bayan gari, yana zaune gefena yana tsaki duk lokacin da na sa giya ta yi kuka. Yayyena maza suna Yamai, don haka motar hannuna ta faɗo. Fara ce a da, yanzu ta koma launin nonon da ya kwana. Lungunmu na unguwar Birni a Damagaram ba ya ɗaukar mota, sai dai a aje ta a bakin fili ƙarƙashin dogon yaro, mutum ya ƙarasa gida da ƙafa cikin rairayi.

Na ce ba zan kai wa Gwaggo motar da ƙazanta ba. Na wanke ta ciki da waje, na turara kujerun. A wajen wankin na ga murfin tankin esansi, wato fetur, duk ya ƙoƙe, har da wani ɗan rami a tsakiyarsa. Raina ya ɓaci, na ce ashe ta nan rairayin Damagaram yake shiga cikin motar bawan Allah. Na cire murfin na kai wa Baffa Suma'ila, ƙanen Baba, wanda baduku ne a unguwarmu. Mu a gidanmu duk abin da ake ƙauna sai an yi masa rigar fata, daga allo har madubi. Baffa ya yanka jar fatar akuya mai laushi, ya shafa gam, ya ɗinke murfin tsaf kamar hula, ya yi masa ado da koren zare. Da ya miƙo mini sai ya juyar da fuska, ya ce yayansa ya cancanci fiye da haka.

Lahadin farko na cika tanki fal na kama hanya. Kaka ce, gero ya sunkuyar da kai hagu da dama, iska mai ɗumi tana shigowa da ƙanshin kara. Motar na tafiya lafiya lau, har na fara jin kamar ba ni ke tuƙi ba, kamar ina kujerar baya ina yarinya, ina kallon ƙeyar Baba da hularsa. Mun ci fiye da rabin hanya sai ta fara tari. Ta ja, ta saki, ta ja, ta mutu daidai wata tsamiya a gefen kwalta. Na murza kontak har hannuna ya gaji, shiru. Na zauna kusan awa guda, na sake gwadawa, ta tashi kamar ba ita ba. Tsoro ya kama ni, na juya, ta kawo ni gari tana shaƙewa.

Washegari na kai ta garajin Abdul'aziz a Zango, shi ne makanikenta tun Baba na da rai. Abu na farko da ya yi, ya buɗe tanki ya leƙa, wai ko Madam ta manta mota da esansi take tafiya. Ni fa! Ga hayaniyar guduma, ga 'yan kabu-kabu suna ta oda, na ce masa ya rufe mini baki ya duba mota. Ya tayar da ita ta tashi, ya zaga gari da ita ko tari ba ta yi ba. Duk da haka ya sauya buji, ya wanke karbireto, ya ce yanzu ko Agadas zan je in tafi.

Ko Takieta ban kai ba. Lahadi ta biyu, tanki fal, tsamiyar nan dai, kamar da ita aka yi alkawari. Abdul'aziz ya sauya famfon esansi, ya hura bututu, sannan ya ce da ni yana dariya wai in daina bi ta gindin tsamiya, masu wurin ne suke son fijo. Na ce masa in aljanu sun iya gyara ya ba su garajin, tunda shi ya kasa. Matan lungunmu kuwa cewa suka yi motar kewar maigidanta take yi, a bar ta ta huta.

Zan faɗi gaskiya, maganar matan ta yi mini daɗi. Lokacin nan da nake zama a gindin tsamiya ina jiran mota ta huce, shi ne kaɗai lokacin da nake jin Baba kusa. Nakan jingina da kujera, inuwa na yawo a kan gilashi, in lumshe ido in ga kamar ya zaga baya ne zai dawo yana goge hannu da tsumma. A can ƙasan raina ba na son isa Takieta. In na isa, na fito daga motar, to shi ke nan an gama, har a wurina.

Ranar Asabar Maryama ta kira. Ta ce Gwaggo ko furar ta daina karɓa, sai ruwa, kuma ba ta iya fita zaure sai an riƙe ta. Ba ta zarge ni ba, ta dai ce, "Yaya Wasila, in za ki zo ki zo gobe."

Na tafi da sassafe, kuma motar ba ta ba ni kunya wajen taurin kai ba, a tsamiya ta mutu. Wannan karon ban zauna ina mafarki ba. Na fito na buga mata tafin hannu a kan bone, ƙarfen da ke rufe injin, na ce mata tsohuwar banza, mutum na can yana mutuwa ke kina nan kina yanga. Na buɗe bone na tsaya ina kallon wayoyi kamar na san abin da nake nema. Da fushin ya sauka sai na ji shirun wurin. Ba mota, ba mutum, sai kurciya can nesa da karan gero na goga juna. Sai na tuna Baba bai taɓa fara gyara da hannu ba. Yakan ce a yi shiru tukuna a ji abin da take cewa, daga nan ya samo kara ya zura a tanki ya ga inda esansi ya tsaya, don bai yarda da allurar gaban mota ba.

Na karyo karan gero na zaga baya. Murfin tankin ya ƙi buɗewa, kamar ana riƙe da shi daga ciki. Na sa ƙarfi na murɗa, sai na ji motar ta ja iska, doguwa, fuuu, irin ta wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Har tankin ya yi wata ƙara yana komawa daidai.

Na tsaya da murfin a hannu ina kallon jar hular Baffa. Sai wata rana ta dawo mini, ina 'yar shekara tara. Murfin motar na asali ya ɓata, Baba ya samo wannan a kasuwa, ya zauna a gindin dogon yaro da ƙusa da dutse yana huda shi. Na tambaye shi me ya sa yake ɓata sabon abu, ya ce in esansi na fita dole iska ta shiga, in ba haka ba famfo zai ja ya ja har ya rasa abin ja. Ramin da na raina, shi ya huda da hannunsa. Ni kuma na zo da ƙaunata na liƙe shi da gam. Cikin gari tafiyar ba ta da nisa, shi ya sa ba ta nunawa, Abdul'aziz kuma kullum yakan buɗe murfin kafin ya taɓa komai, ya warkar da ita bai sani ba.

Na ji kunya, na ji haushin kaina, na kuma ji wani abu ya fita daga tsamiyar nan, ta koma itace kawai. Ban iya ɓare hular ba, aikin Baffa ne. Na cire fil ɗin da na kama gyalena da shi, na lalubo ramin da ɗan yatsa ta saman fatar, na soka, na juya har ya buɗe. Na mayar da murfi, na jira kaɗan, na murza kontak. Ta tashi, ba ta kuwa sake tari ba.

Hantsi ya ɗaga na shiga Takieta. Tun daga nesa na hango zauren, Maryama na zaune tana tallafe da Gwaggo a kan tabarma, Gwaggon ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Na ga lokacin da ta ji injin, ta ɗaga kai ta karkata kunne, fuskarta ta washe kamar ta yarinya. Na tsaya inda Baba yake tsayawa. Na danna oda sau biyu. Na kashe mota, na zauna riƙe da sitiyari, ina jin injin na hucewa. Da zan iya da na bar ta da wannan fuskar har yamma.

Na buɗe ƙofa na sa ƙafa a ƙasa. Taku shida ne daga nan zuwa zaure, Gwaggo ta saurare su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba takunsa ba ne," ta ce a hankali. Ta miƙo hannayenta biyu wajen da nake. "Zo nan, 'yar Illa. Zo ki yi mini gaisuwa, ƙanena ya rasu."