Layi Biyu, Bututu Ɗaya

Tun kafin masu takardu su gani, Milutin ya gani. Bai taɓa ɗumama bencin makaranta ba, amma shekara arba'in yana haƙa ramukan waya a garin nan. Sau uku ƙasa na ruftawa da shi, sau uku yana fitowa yana tambayar ina hularsa.

Ofishin motocin ɗaukar marasa lafiya ne ya kafa manyan kwamfutoci biyu, ɗaya a wannan gaɓar kogin Morava, ɗaya a tsallake, don in guda ta tsaya guda ta karɓi kiran jama'a. Kowace daƙiƙa sai sun gaisa ta waya. In gaisuwa ta yanke, kowacce sai ta ɗauka 'yar'uwarta ta rasu, ta ɗare kujera. Sai ka ga mota biyu a ƙofar gida ɗaya, wani gidan kuma ana ta jira. Shi ya sa aka ce dole a ja layi biyu tsakaninsu, kowane da hanyarsa.

Biljana, injiniyar aikin, washegari za ta sa hannu cewa hanyoyin daban suke. In ba haka ba ne, sunanta ke ƙasan takarda. Ta baje taswira a shagon kofi tana cin burek, gurasar nan mai nama a ciki, Milutin na leƙe daga teburin kusa.

"'Yata, wannan jan zaren da shuɗin fa?"

"Layukanmu ne, Kawu. Kamfani biyu, hanya biyu."

"Da suka iso kogi, iyo suka yi?"

Ta yi dariya. "Kowa da taswirarsa, ga hatimi."

"Hatimi bai taɓa riƙe shebur ba. Mutanen garin nan, in sun tarar da rami a haƙe, ba sa haƙa wani. Ƙarasa abincinki mu je."

"Kawu, sha kofinka, kar ya huce."

"Ni da na ga ambaliya biyu, kofi ne zai ba ni tsoro?"

Don dai ya bar ta ta huta, ta bi shi gindin gada. Ya zura ƙugiya ya ɗaga murfin ƙarfe, bayansa ya yi ƙara, ya ce murfin ne. Biljana ta haska ciki. Ga wayoyi biyu kwance a bututu guda, har wani mai kirki ya ɗaure su tare kada su rabu.

"Bakin shebur ɗaya ya ishe su," in ji Milutin. "Ɓera ma, in yana jin yunwa."

Ta zauna a kan dutse. Can ta ce, "Kawu Milutin, ina kuma ka taɓa haƙawa?"

"Yanzu na zama mai cikakken suna ke nan? To, akwai tsohon bututu a gadar jirgin ƙasa, can gangare. Babu kowa ciki sai gizo-gizo."

Ba ta sa hannu ba. Shugabanta ya yi ta ƙunƙuni mako uku, har shuɗin layin ya koma can.

Wanda ya ce ƙarin gishiri ne, ya zo kasuwar Asabar ya faɗa wa Milutin ido da ido. Ya nuna kowane titi ya ga dama, Milutin ya faɗi abin da ke ƙarƙashi. Amma mai gardamar ne zai haƙa.