Ɗinkin Malam Kalilu

Makullin yana cikin jakata. Gara in faɗa tun yanzu, don na yi wa wata tsohuwa ƙarya a kansa, kuma har yau abin yana cina.

Ni ce Fadila, mai kula da kayan da ke gidan adana fasaha na jami'armu a Daura. Aikina a sito yake: goge kaya, lamba, rubutu. Bara na je Kongolam na roƙo wata ƙwarya mai zane a wurin Iya Maimuna. Bayanta ya taɓa fashewa, an ɗinke da zaren kaba. Da shugabanmu Dakta Munzali ya gani, sai ya yatsina fuska, wai ɗinkin ya ɓata zanen, in cire in liƙe da gam. Ni kuwa sabuwar ma'aikaciya, ina na ga bakin musu? Na sa reza na farke shi tas, na zuba zaren a ambulan na jefa a durowa. Gam kuma ya bar tabo, sai muka juya wajen ga bango, muka kulle ta a akwatin gilashi.

Bana Dakta ya ɓullo da ranar baƙi: a kwaso masu kayan a bas su zo su yi wa ɗalibai bayani. Wa ya aike shi, don Allah?

Iya Maimuna ta shigo tana dogara sanda. Ɗalibai suka kewaye ta da wayoyi, Dakta yana ta zuba Turanci a kan zanen. Ko kallon zanen ba ta yi ba.

"'Yar nan," ta ce da ni, "juyo min bayanta."

Na ce, "Iya, ai nan ne gaban."

"Na sani. Ɗinkin nake so. Malam Kalilu maigidana gyartai ne, aikinsa ke nan gyaran ƙwarya. Wannan ce ta ƙarshe da ya ɗinka kafin ya kwanta ciwon ajali."

Innalillahi! Ranar da na karɓo ƙwaryar ban tambaye ta komai ba, hoto kawai na yi ta ɗauka. Na dubi Dakta, mutumin nan ya hau duba agogo, ya ja ɗalibai zuwa wajen tukwane. Ya bar ni da ita.

Na ce, "Mai makullin ya tafi Katsina."

"To, Allah ya dawo da shi lafiya. Zan jira."

Ta shimfiɗa mayafi ta zauna a gindin akwatin. Aka yi azahar tana nan. Can ta miƙe, ta manna kumatunta da bango tana leƙe ta ɗan tsakanin, ba ta ga komai ba. In na buɗe na tonu, in na ƙi buɗewa haka za ta hau bas ta koma. Na shiga sito na fito ya fi sau biyar, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Wallahi na tsani kaina.

Direba ya fara danna oda. Na ɗauko ambulan ɗin na durƙusa a gabanta.

"Iya, ƙarya na yi. Makulli yana wurina. Ni na farke ɗinkin da hannuna. Ga abin da ya rage."

Ta zazzage zaren a tafin hannu. Ta daɗe tana bin guntayen da yatsa, har ta tsaya a kan wani ɗan ƙulli.

"Nan hannunsa ya fara rawa," ta ce.

Na jira zagi, da ma ta zage ni. Sai ta ƙulle zaren a bakin zanenta, ta ɗauki sandarta.

Na ce, "Bari in buɗe, ki tafi da ƙwaryarki."

"Ku riƙe abinku, 'yar nan. Ita a kasuwar Mai'adua na saye ta."