Sallow na Ƙarshe

A wani ƙauye na yankin Somerset, can ƙasar Turawa, in ka leƙa maƙabartar coci, kusan duk dutsen kabarin da ka goge wa gansakuka, sunan Sallow za ka gani a rubuce. A raye kuwa masu sunan biyu suka rage, tsoho Wilfred mai saƙar kwando da 'yarsa Bryony. Sallow ɗin sunan wata bishiyar bakin ruwa ce mai siraran rassa, wadda kakanninsa suka zauna kusa da ita har aka riƙa kiransu da ita. Yaƙi ya ci mazan gidan, matan kuma aure ya sauya musu suna ɗaya bayan ɗaya. Abin yana cin Wilfred kamar gara, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutanen nan, ko gidansu ke ci da wuta, ka tambaye su sai su ce ɗan ɗumi ne.

Ana saura kwanaki bikinta da Gethin Pardoe, Bryony ta same shi a rumfa yana jiƙa rassa. Ta miƙa masa shayi.

"Baba, maganar sunan gidanmu fa. Ya kake so a yi?"

Ya so ya ce kada ta bari a binne sunan tare da shi. Amma uba ya roƙi 'yarsa alfarma? Ya kurɓi shayin.

"Haba 'yar Baba, suna ai ba gona ba ne. Yi yadda ya yi miki."

"Ka tabbata?"

"Shayin nan sukari ya yi masa kaɗan," in ji shi.

A ransa ya ɗauka ta gane. Ai mahaifiyarta, da tana raye, da tuni ta gane.

Ranar biki, bisa al'ada uban amarya ne ke fara miƙewa ya ɗaga kofi. Da bakinsa ya ce jama'a su sha don lafiyar Pardoe da matarsa, aka yi tafi. Yana zama uban ango, wani jibgege mai 'ya'ya maza har huɗu, ya ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Wilfred, kai mutumin kirki ne! Ka san sakaran ɗan nan nawa cewa ya yi zai koma Sallow? Wai don kada sunanku ya ɓace. Na yi ta bala'i, ko a jikinsu. Sai da Bryony ta dawo ta ce kai ko oho, sannan suka bar mini abina."

Wilfred ya dubi kofin da ke hannunsa. Ashe har ƙofa abin ya zo, shi ya mayar da shi. Ga shi babu wanda zai kama da laifi.

Aka saki kiɗa, amarya ta jawo shi fili. Suna juyawa a hankali ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Baba, albishirinka. Ciki gare ni, kuma an duba, namiji ne. Sunanka za mu sa masa. Wilfred Pardoe."

Hawaye suka ɓalle masa a gaban mutane, abin da ko a jana'izar matarsa bai yi ba. Bryony ta ƙanƙame shi tana dariya.

"Na san za ka ji daɗi," ta ce.