Addu'ar Asubar Mama

Sau nawa zan faɗa wa mutumin nan? Na ce, "Baban yara, ka yi wa Mama magana." Sai ya suri jakarsa, wai bas za ta wuce shi. Uwarsa ce fa, amma ni aka bari da jidali.

Bayan rasuwar Baba muka ɗauko Mama ta zo ƙasar nan wurinmu. Tun tana budurwa ba ta taɓa fashin addu'ar asuba ba. Takan durƙusa a falo, ta ɗaga murya da waƙar yabo, tana tafi, tana kai sunan kowane jika gaban Yesu. A gida har maƙwabta kan taya ta da amin ta kan katanga. Nan kuwa bango kamar kwali yake. Matar da ke samanmu, wadda karenta ke yini yana haushi ba mai cewa uffan, ita ce ta kai ƙara wai ana ihu.

Mai kula da ginin ya tare ni a bakin ƙofa da murmushinsa na ƙarya. Wai in aka sake kawo ƙara, mu nemi wani gida. Wane gidan? Sai da muka ga tasku kafin muka samu wannan, ga makarantar yara a kusa.

Raina a ɓace na iske Mama a kicin tana wanke kofuna. Na ce, "Mama, don Allah ki riƙa yin addu'ar a zuci. Za a kore mu."

Ta kashe famfo. "'Yata, zagi na yi?"

"A'a, Mama."

"To, yabon ne ya zama laifi?"

Na ji haushin matar sama, na ji haushin mijina, na fi jin haushin bakina.

Washegari gidan tsit. Na tashi shirin aiki, sai na ji ruwa yana zuba a banɗaki, ƙofar a sakaye. Na tura. Ga Mama durƙushe a kan tayil mai sanyi, da gwiwoyin nan nata masu ciwo. Ta saki famfo don ya danne muryarta, ta toshe baki da tawul tana waƙa a ciki.

Na ƙwala wa Baban yara kira. "Fito ka gani! Fito ka ga inda shirunka ya kai uwarka!"

Ya fito ido duk barci, yana cewa in rage murya, maƙwabta.

Mama ta dafa bakin baho ta miƙe da ƙyar. Ta ninke tawul ɗin, ta dubi ɗanta.

"Gidanku ya tsira, ku zauna abinku. Ni dai a saya mini tikitin komawa gida. Ban tsufa don in riƙa yi wa Ubangijina raɗa a banɗaki kamar mai gulma ba."