Larabar Malam Habibu

Tun da ƙodar Malam Habibu ta gaza, bakinsa ya fara warin fitsari. Haka ciwon yake, ba ƙazanta ba ce. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, ga tsabta kamar me, sai ga shi yana magana da hannu a baki. Masu zuwa dubiya kuwa, musamman danginsa na Damagaram, ba su iya gaisuwa daga nesa ba, sai gwiwa ta taɓa gwiwa.

Matarsa Ramlatu ta nemo dabara. Kullum akwai yankan lemon tsami a jakarta, kafin ya gana da kowa sai ta miƙa masa ya tsotsa. Wari ya lafa, Malam ya samu bakin magana.

Sau uku a mako suke tsallaka gada daga unguwar Harobanda zuwa wurin wankin ƙoda. Injuna kaɗan, majinyata ba iyaka. Kayan gwajin jini suka yanke, aka koma ga wata 'yar na'ura mai bututu: ka hura, ta auna dattin jinin da ke fitowa ta numfashi. Majo Sumana, babban ma'aikacin jinya, ya ce kada kowa ya ci abinci kafin hurawa. Ramlatu ta kiyaye. Amma a wurinta tsotsar lemo ba ci ba ce, kuma ina za ta bar mijinta ya hura wa mutane wannan wari a fuska?

Lambar Malam ta yi ƙasa, ta sake yin ƙasa. Likita ta ce sau biyu ya ishe shi, aka ɗauke masa ranar Laraba aka ba wa wani.

Ba a daɗe ba ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Kwanciya ta gagara, sai barci a zaune. Ranar wata Laraba da safe ya kasa ƙarasa Fatiha da numfashi ɗaya. Ramlatu ta tsorata. Ta tare taksi, don sauri ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Sumana ya miƙa masa bututu. Malam ya kau da kai don kunya, sannan ya hura. Sumana ya dubi lambar, ya ga ta yi sama sosai, ya sa ya sake hurawa.

"Madan Ramlatu, wannan ba numfashin da na sani ba ne. Me yake sa wa a baki kullum?"

"Ba komai, Majo. Lemon tsami ne kawai."

Sumana ya dafe kai. "Tsami yana danne abin da mashin ɗin ke nema! Datti yana nan cikin jini, bakin kawai kika wanke."

Ramlatu ta durƙusa a gabansa, mayafinta na jan ƙasa. "Don girman Allah, Majo, ku maido masa da Larabarsa. Ni na yi, ba shi ba. Yanzu ma ku sa shi."

"Zan gaya wa likita. Amma yau kowane mashin da mutum a kai. Wa zan cire?"

Ramlatu ta miƙe ta kutsa ɗakin wankin ƙodar. Ta san gadon mijinta na Laraba, na jikin taga. Ta shiga da niyyar roƙo, in roƙo bai yi ba ta yi rashin kunya, ko wane ne.

Wata matashiya ce a kwance, Hafsat, mai noman salati a unguwar Gamkalley, wadda suka sha zama tare a benci tana jiran gurbi. Jininta na zagaya bututu. Kusa da ita tsohuwarta ce zaune, goye da jaririn Hafsat. Tsohuwar na ganin Ramlatu ta miƙe ta kama hannuwanta biyu.

"'Yata, fofo, sannu! An ce mai gidanki ya samu sauƙi, shi ya sa aka ba mu ranarsa. Da ba haka ba, da tuni mun binne ta. Kullum ina sa shi a addu'a. Allah ya ƙara masa lafiya."

Ramlatu ta buɗe baki. Ta dubi jaririn, ta dubi bututun.

"Amin," ta ce.

A waje Malam na jingine da bango, yana jan iska da ƙyar. Ya hango wani tsohon ɗalibinsa ya nufo shi zai gaishe shi. Ya rufe baki da hannu ɗaya, ya miƙo wa Ramlatu ɗayan.

"Ba ni lemon," ya ce.