Shafin da Suhaila Ta Goge

Suhaila ta dawo daga kantin maganinta bayan la'asar, ta tarar Ɗanladi maigadi bai buɗe get da sauri kamar yadda ya saba ba. Sai ya zagayo ta gefen motar ya sunkuyo.

"Hajiya, wani mutum ya zo ɗazu a kan babur. Ya ce yana neman Afrah."

"Afrah? Wane ne?"

"Ban san shi ba wallahi. Ya ce ko ta dawo daga makaranta, wai ya kawo mata tsaraba. Har ya ce ai yau Laraba ce, da wuri ake tashinsu. Na ce ba ta nan, ya bar saƙon. Ya ce a'a, sai hannunta. Ya juya ya tafi."

Afrah shekararta shida, ita ce 'yarsu tilo. A lokacin tana kujerar baya tana lasar alawa, ba ta ma ji me ake cewa ba. Suhaila ta shigar da motar, ta ce wa Ɗanladi ya sa sakata. Ta zare mukulli, ta ja hannun Afrah suka shiga gida.

Ta kira mijinta Aƙilu, wanda aiki ya kai Kaduna. Bai aiko kowa ba. Ta kira mahaifiyarta a unguwar Giginyu, ta kira ƙannen Aƙilu, ta kira ƙawayenta na kusa. Babu wanda ya aiko da tsaraba.

Tana zaune a falo wayar na hannunta, sai yatsanta ya kai ta inda ya saba kai ta, wato shafinta a wata manhajar hotuna da ta daɗe tana amfani da ita. Ta buɗe shafin ne tun tana da cikin Afrah, don tallar man shafawa da magungunan ƙarin jini. A hankali Afrah ta cinye shafin, domin hotonta ya fi jawo mutane. Ga ta ranar suna. Ga ta da haƙorin farko. Ga ta cikin yunifom, bajon makarantar a ƙirjinta ana iya karanta shi sarai. Ga wani bidiyo da take tuƙa keke a ƙofar gida, lambar gidan a bayanta, da bishiyar darbejiyar da kowa a layin yake kwatance da ita. A ƙarƙashin wani hoton Suhaila da kanta ta rubuta cewa tana son Laraba, saboda da wuri take ɗauko gimbiyarta.

Mutane dubbai ne suke bin shafin. Ta fara duba sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba ta taɓa ganinsu ba, wasu ma ko hoto babu.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta shiga saituna ta yi ta laluben inda ake goge shafi, an ɓoye shi can ƙasa. Manhajar ta tambaye ta dalili, ta ba ta shawarar ta ɗan huta kawai, ta nuna mata hotunan ƙawayen da wai za su yi kewarta. Ta danna gogewa, ta sa lambar sirri.

Sai wani rubutu ya fito. An ɓoye shafinta, amma ba za a goge shi ba sai bayan wata guda. Ko bayan nan, kamfanin zai iya riƙe wasu bayanai a rumbun ajiyarsa na tsawon lokacin da ya ga ya dace. Saƙonnin da ta aika wa wasu kuwa suna nan a wurinsu.

Ta karanta ta sake karantawa. Sannan ta kira ƙanenta Usaid, wanda lauya ne.

Ya iso kafin magariba, ya zauna ya karɓi wayar. Ya ce, "Yaya, kafin su rufe, bari mu nemi su ba ki duk abin da suke da shi a kanki. Kina da wannan haƙƙin."

"Ni ba so nake su ba ni ba. So nake su ƙona shi."

"Na sani. Amma gara ki san me ke hannunsu."

Kwana biyu Afrah ba ta je makaranta ba. Suhaila ta ce mata mura ake yi a ajinsu. Aƙilu ya dawo ya je ofishin 'yan sanda ya ba da rahoto, ya yi magana da masu gadin layin, ya sa aka ƙara kyamara a get. Duk ƙarar babur da ta wuce, sai Suhaila ta tashi ta ɗaga labule.

Da bayanan suka iso, ita da Usaid suka buɗe su a kwamfutarsa. Ta zaci hotunan da ta sani za ta gani. Sai ga hotunan da ta goge tun shekarun baya, har da wanda Afrah take wanka a baho tana jaririya, wanda ta cire a ranar da ta sa shi saboda mahaifiyarta ta yi mata faɗa. Ga sautin muryar Suhaila tana kuka, saƙon da ta aika wa wata ƙawarta lokacin da ta yi ɓari. Ga jerin wuraren da wayarta ta je: gida, kanti, makaranta, asibiti, gidan Giginyu, kowanne da ranarsa. Ga lambobin wayar duk mutanen da ke cikin wayarta, har da ta Ɗanladi, wanda bai taɓa jin sunan manhajar ba.

"Wannan ai na goge shi," ta ce tana nuna hoton bahon. "Usaid, da hannuna na goge shi."

"Daga idon mutane kika cire shi, Yaya. Su bai bar wurinsu ba."

"To wa yake gani? Wa yake da mukullin wurin?"

Ya ce ma'aikatansu, da duk wanda suka yi yarjejeniya da shi, da duk wanda ya iya fasa rumbun idan an yi rashin sa'a. Ya ƙara da cewa mai babur ɗin ba ya buƙatar duk wannan, abin da ke fili ma ya ishe shi, kuma ko ya riga ya adana hotunan a wayarsa, babu mai iya sani.

Usaid ya rubuta wa kamfanin da harshen lauyoyi, ya ce hotunan ƙaramar yarinya ne, uwarta tana buƙatar a shafe su gaba ɗaya, a kuma tabbatar mata. Amsa ta dawo nan take, alamar ba mutum ne ya karanta ba. Sun gode da tuntuɓarsu, sirrin jama'a yana da muhimmanci a wurinsu. Ya sake rubutawa, amsar ba ta canza ba.

Afrah ta koma makaranta, amma yanzu Aƙilu ne yake kai ta, kuma kullum sai ya sauya hanya. An hana ta keke a waje. Wata rana tana cin abinci ta ɗago ta ce, "Mami, me ya sa kika daina ɗaukata hoto? Na yi laifi ne?"

Suhaila ta ce wayar ce ta cika. Ta tashi ta shiga kicin ta tsaya a gaban famfo, ba ta wanke komai ba.

Aƙilu ya biyo ta. "Maman Afrah, kin rame. Mun yi iya abin da za mu iya, sauran mu bar wa Allah."

"Ni na nuna musu ƙofar gidan nan, Abban Afrah. Ni na gaya musu ranar da ake tashinta."

"Ni ma ina gani ina danna alamar so. Ban taɓa ce miki ki bari ba."

Mai babur bai sake dawowa ba. 'Yan sanda ba su gano komai ba. Wataƙila ɗan aike ne da ya ɓata gida, in ji wasu. Suhaila ba ta yarda ba, domin ɗan aiken da ya ɓata gida ba ya sanin sunan yarinya. Da watan ya cika, imel ya shigo cewa an goge shafinta. Ta nemi sunanta a manhajar ta wayar Aƙilu, ba ta samu ba. Ta tambayi Usaid ko yanzu shi ke nan. Ya ce, "A takarda dai haka ne."

Gab da ƙarshen zangon karatu Afrah ta zo ta ɗaya a hadda. Washegari wata maƙwabciya ta turo wa Suhaila hoto tana yi mata barka. Daga shafin makarantar ta ɗauko shi. Afrah ce riƙe da kyautarta tana dariya, an rubuta cikakken sunanta da ajinta a ƙasa.

Suhaila ta bar kanti a hannun yarinyar da ke taya ta, ta tafi makarantar. Shugabar, Hajiya Sa'adatu, ta saurare ta har ƙarshe, ta yi salati, ta ba ta haƙuri. Ta ɗauko wayar makarantar ta goge hoton a gabanta, ta juyo mata fuskar wayar.

"Kin gani, Hajiya? Shi ke nan, ya tafi. Ki kwantar da hankalinki."

Suhaila ta dubi wayar. Ta tambaya tun yaushe aka sa shi, aka ce tun jiya da rana. Ta yi godiya, ta fito ta tsaya a barandar ajin su Afrah. Da sauran lokaci kafin a tashi, amma ba ta koma kanti ba. Ta jingina da bango inda take iya hango get ɗin makarantar, tana jira a kaɗa ƙararrawa.