Rubutun Auta

Akwatin ya iso ranar Talata yana warin maganin asu. Busassun rassa ne manne a kan takardu, kyauta daga wata jami'a mai nisa. Shekara ashirin wannan ne aikin Yaya a ɗakin adana tsirrai: ta duba kowane reshe, ta gane danginsa, ta kai shi kabad ɗinsu.

Ta ɗauko na bakwai. Ganye jere biyu-biyu a kan sanda ɗaya, furanni ƙanana. Ta kara gilashin ƙara girma, ta ga zaruruwan furen sun haɗe kamar ɗan bututu. Dangin maɗaci da darbejiya ne, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa. Sai idonta ya sauka kan 'yar takardar ƙasa, inda wanda ya tsinko reshen yake rubuta bayani.

Ta san wannan "g" mai doguwar wutsiya. Ita ta koya wa ƙaninta Auta riƙon fensir, ta sha buge masa hannu saboda wutsiyar nan, bai daina ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya bar gida bayan sun sami saɓani da mahaifinsu. Ko wasiƙa. Har tsohon ya rasu yana cigiya.

Kwanan watan da ke jikin takardar kuwa na daminar bara ne.

Farfesa, shugaban sashen, ya leƙo. "Lafiya? Kin ƙame kamar an dasa ki."

"Ranka ya daɗe, wa ke tsinko musu waɗannan?"

Ya ɗaga takardar. "Haruffa biyu kawai ya sa a wurin suna. Amma ya san aikinsa, har ɗacin ɓawon ya rubuta. Sai dai in tambaye su."

"Don Allah a tambaya yau."

Da yamma ta tarar da Inna tana tsintar shinkafa a ƙofar kicin. Ta miƙa mata hoton takardar da ta ɗauka a waya, ta faɗa mata. Inna ba ta karatu, amma ta daɗe tana kallo.

"Ashe da ransa. A ina?"

"Bakin wani kogi, tafiyar kwana biyu. Amma bara ne fa, Inna. Ƙila ya tashi."

Inna ta goge hannu a zani, ta matso da wayar dab da idonta.

"Ke da kika sani, rubutun na mai lafiya ne? Hannun bai yi rawa ba?"

"Bai yi ba, Inna."

"To. Bar min wayar nan tukuna."